Masu ɗaukar hoto a Canary Wharf, ku tsallaka titi ku ga Poplar

Da zarar lokacin hutu ya yi, manyanmu da 'ya'yansu sun cika Landan, sai bidiyoyin Canary Wharf, unguwar bankuna da ofisoshi a gabashin birnin, su mamaye Facebook da TikTok. Mutum ya tsaya a gaban dogayen benaye na gilashi, ya ɗaga waya sama, sannan ya kawo huɗubar da kowa ya haddace: "Kun ga abin da 'yan kasuwa ke yi idan gwamnati ta cire hannunta? Nan fa da kango ne." Wannan magana ta ishe ni. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne jin ta daga bakin masu riƙe da muƙami, waɗanda in sun dawo gida za su fara zancen rushe wata unguwa don gina "sabon birnin kasuwanci".

Ba na musun kyan wurin. Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta layin Jubilee, ya hau matakalar lantarki zuwa ƙarƙashin rumfar gilashin nan, ya ga benen One Canada Square mai tsayin mita 235 ya tokare sama, dole ya jinjina. Ruwan tsohuwar tashar jiragen ruwa yana nan kwance tsakanin benaye, ƙasa babu ko bawon gyaɗa, kantuna jere a ƙarƙashin gine-gine. Amma kyan wuri daban, labarin da ake ba mu game da shi daban. Labarin kuwa ba gaskiya ba ne.

An buɗe tashar jiragen ruwa ta West India, inda Canary Wharf take a yau, a 1802 domin sauke sukari da sauran kayan da bayi 'yan Afirka suka noma a tsibiran Karebiyan. Shi ya sa a watan Yunin 2020 aka sauke mutum-mutumin Robert Milligan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa tashar kuma mai ɗaruruwan bayi a Jamaika. Tashar ta ciyar da iyalan 'yan dako sama da shekara 170, har kwantena ta zo. Manyan jiragen ruwa suka koma tashoshin Tilbury da Felixstowe, aka rufe tashar a 1980, magidanta suka zauna babu aikin yi.

To wa ya tayar da wurin? Gwamnati. A 1981 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa hukumar raya yankin tashoshin, wato LDDC, ta ba ta kuɗin jama'a da filaye, ta kuma karɓe ikon amincewa da gine-gine daga hannun ƙananan hukumomin da mutanen wurin suka zaɓa. A 1982 aka yafe wa masu gini harajin kadara na shekara goma tare da wasu rangwame masu tsoka. Kuɗin jama'a ne ya shimfiɗa layin ƙaramin jirgin ƙasa na DLR a 1987. Kuɗin jama'a ne ya haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Limehouse, wadda ba ta kai kilomita biyu ba amma ta ci kusan fam miliyan 300. Duk da wannan gata, kamfanin Olympia and York na Kanada da ya ɗauki aikin ginin ya durƙushe a 1992, shekara guda bayan kammala babban benen. Ofisoshi suka zauna wayam, domin ma'aikatan banki ba su yarda su tafi inda babu hanyar zuwa mai kyau ba. Sai da aka ƙara layin Jubilee ya iso a 1999, a kan kuɗi sama da fam biliyan uku, mafi yawansu daga baitulmali, sannan manyan bankuna irin su HSBC da Barclays suka tare. A 2022 kuma aka ƙara musu layin Elizabeth. Ina cire hannun gwamnati a nan? Talakan Birtaniya ya biya kuɗin hanya, yau kuwa wurin mallakin kamfanin Brookfield ne da asusun zuba jari na ƙasar Qatar, tun 2015.

Shi kansa filin da kuke tsayawa kuna ɗaukar hoto ba na jama'a ba ne. Masu gadin da ke zagayawa cikin kaki mai kama da na 'yan sanda ma'aikatan kamfani ne, kuma kamfanin ke yanke wa zai yi taro ko zanga-zanga a wurin.

Yanzu ku yi abin da ba ku taɓa nuna mana ba. Ku bi gadar ƙafa da ta tsallaka titin Aspen Way, ku shiga unguwar Poplar. Tafiyar 'yan mintoci ce. Za ku tarar da tsofaffin benayen gwamnati, shanya a baranda, da kasuwar Chrisp Street inda matan Bangaladash ke taya kifi da kayan miya suna lissafin canjin da ya rage a jaka. Daga tsakiyar kasuwar ana hango tambarin bankunan a sama. Ƙaramar hukumar Tower Hamlets, wadda Canary Wharf ke cikinta, ta shafe shekaru tana sahun gaba a Birtaniya wajen yawan yaran da ke tashi cikin talauci, kuma dubban iyalai na jiran layin gidan gwamnati. Mutanen yankin sun hango haka tun farko. A 1986, ana tsaka da bikin ƙaddamar da aikin, suka saki garken tumaki da ƙudan zuma cikin manyan baƙi don a san ba da yawunsu ake yi ba.

Masu cewa arziki in ya taru a sama zai gangaro ƙasa da kansa, Poplar ta isa amsa. Ayyuka sun samu, fiye da dubu ɗari, ba na ja. Sai dai mafi yawan masu manyan kujerun jirgi ke kawo su da safe ya kwashe su da yamma. Abin da ya rage wa maƙwabta da baƙin haure, cikinsu har da 'yan Najeriya da Gana, shi ne gadi da shara da goge-goge cikin dare. Ko ɗan ƙarin albashin da masu sharar suka samu ba kyauta aka ba su ba. Sai da ƙungiyoyin unguwa da masallatai da coci-coci na gabashin Landan suka haɗa kai daga 2001, har wani mai shara ya miƙe a taron masu hannun jarin HSBC ya faɗa wa shugaban bankin ido da ido abin da ake biyansa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ɓangaren da namu shugabannin ke kwaikwayo. Jirgin ƙasa da wutar lantarki da hanyoyin ruwa suna da wahala, suna cin shekaru, ba sa kyau a hoto. Kwace fili da yafe haraji kuwa sa hannu ɗaya ne. Mun ga yadda aka tashi masunta daga Otodo Gbame a Legas a 2016 da 2017, a birnin da ake tallata Eko Atlantic, sabuwar unguwar kasuwanci da ake ginawa a bakin teku. A Arewa muna da namu kangayen: masaƙun Kakuri a Kaduna, da masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano da suka rufe ƙofa. Filayen nan na tsakiyar gari, idon masu kuɗi na kansu, yayin da wasu tsofaffin ma'aikatan masaƙun suka rasu suna jiran haƙƙinsu.

In har za a taɓa irin waɗannan wurare, a fara da biyan waɗanda suka yi wa masana'antun bauta. A kawo wuta da hanya kafin a zana bene. A rubuta a yarjejeniya, a kuma buga wa kowa ya gani, gidaje nawa za a ware wa masu ƙaramin ƙarfi da gurbin aiki nawa ne na 'yan unguwa. Duk gwamnan da ya nuna mana hoton Canary Wharf kuma, 'yan jarida su tambaye shi a wurin nawa za a yafe na haraji, shekara nawa, kuma sunan wa ke kan takardar filin.