Adelina Gurrea da tambayar da aka yi mini a Tetuán

Ranar Asabar maƙwabciyata 'yar Filifin ta ja ni wani taron karatu a Tetuán, unguwar da 'yan ƙasarsu suka yi yawa a nan Madrid. Ɗaki ne a ƙasan bene, kujerun roba, kowa ƙudundune cikin rigar sanyi, an jera soyayyen lumpiya a faranti. Wata dattijuwa ta dogara sanda ta karanta labari daga Cuentos de Juana na Adelina Gurrea, muryarta na rawa.

Gurrea haifaffiyar La Carlota ce a tsibirin Negros, ƙasar noman rake, a 1896. Ta taso Amurka ta riga ta karɓe Filifin daga hannun Sifaniya tun 1898, makarantu sun koma Turanci, amma ita ta riƙe Sifaniyanci. A 1921 ta zo Madrid, tana aika wa jaridun Manila rahoto, tana rubuta waƙe, har ta ci kyautar Zóbel, ta marubutan Filifin masu rubutu da Sifaniyanci. A nan ta rasu a 1971. Littafin da aka karanta mana ya fito a 1943, labaran iskoki da mayu ne daga bakin Juana, mai aikin gidansu.

Labarin ya shige ni. Sai maƙwabciyata ta raɗa mini cewa ƙannenta da ke gida ba za su iya karanta ko layi ɗaya ba. Tun 1987 Sifaniyanci ya fita daga harsunan gwamnati a can. Mace ta kwashe shekara hamsin tana begen ƙasarta da harshen da 'yan ƙasar ke ta sakinsa!

Muna shan shayi wani dattijo ya tambaye ni ko mu ma ana rubutu da harshenmu. Bai yi da mugun nufi ba, amma raina ya sosu. Na ce masa Nana Asma'u ta rasu a 1864, kuma har gobe mata na rera waƙoƙinta. Na ce Balaraba Ramat Yakubu ba ta nemi tafinta tsakaninta da matan Kano ba. Na yarda sun fi mu adana littafi, ba sa barin asu ya ci nasu. Amma in aka ba ni zaɓi, marubuciyar da ake karanta wa kishiyoyi littafinta a tsakar gida ta fi wadda sai an fassara wa jikokinta.

Da dare na zauna bakin gadon 'yata, shekararta bakwai, na ce, "Ga ta nan ga ta nanku." Ta zuba mini ido, ta tambaye ni da Sifaniyanci me nake nufi. Na ce, "Uwata, cewa za ki yi, ta zo mu ji ta." Sau uku tana maimaitawa kafin harshenta ya kama, sannan na soma mata Gizo da Ƙoƙi.