South Sydney: ƙungiyar da aka kora daga gasa, jama'arta suka dawo da ita

A ranar 15 ga Oktoban 1999, hukumar gasar zari-ruga ta Ostireliya, wato NRL, ta fitar da sunayen ƙungiyoyi 14 da za su buga kakar shekarar 2000, kuma babu South Sydney a ciki. Wadda aka ajiye a gefe ɗin tana cikin ƙungiyoyin da aka buɗe gasar da su a 1908, ita ta ɗauki kofin farko, kuma a ranar da aka sallame ta kofuna 20 gare ta, adadin da babu ƙungiyar da ta kai shi. A ganina hukumar ta yi babban kuskure a wannan rana, domin ta auna ƙungiyar da ma'aunin da ba ya iya nuna nauyinta.

Shi wannan nau'in zari-ruga mai 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wasan leburori ne tun asalinsa. A 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga uwar hukumarsu saboda ta hana a biya ɗan wasa kuɗin yinin da ya rasa a ma'adana ko masaƙa don ya je fili. Irin wannan ƙorafi ne ya kai wasan birnin Sidni, inda aka kafa South Sydney a zauren taron unguwar Redfern ranar 17 ga Janairun 1908. Redfern unguwar talakawa ce ta ma'aikatan jirgin ƙasa da na masana'antu, daga baya kuma ta zama matattarar 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin. Hatta laƙabin ƙungiyar, Rabbitohs, daga bakin masu talla ya fito. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wasu 'yan wasan kan rataya zomaye a kafaɗa su bi layi-layi suna kiran masu saye, su feɗe wa wanda ya saya nan take a ƙofar gidansa, sannan su wuce fili da rigar nan mai ja da kore, jini da gashin zomo a jikinta. Abokan hamayya sun yi musu ba'a da kirarin tallan, su kuma suka karɓe shi ya zama sunansu.

Abin da ya ɗaure mutanen unguwar da ƙungiyar ya wuce yawan kofuna, ko da yake kofunan ma ba kaɗan ba ne, don sau biyar a jere ta ɗauka daga 1925 zuwa 1929. A 1955 Clive Churchill ya karye a hannu a farkon wasa da Manly, aka ɗaure masa hannun da kwali ya ci gaba, kuma shi ya buga ƙwallon da ta ba su nasara daf da tashi. A wannan kakar sai da suka ci wasa 11 a jere kafin kofin ya zo hannunsu. A wasan ƙarshe na 1970, da Manly ɗin dai, an karya wa kyaftin John Sattler muƙamuƙi tun mintunan farko, ya ƙi fita, suka ci 23 da 12. Lebura da ya san fita aiki da ciwo a jiki don kada a yanke masa albashi, kansa yake gani a jikin irin waɗannan mutane.

Ba zan ɓoye hujjar hukumar ba, domin tana da ita. Tun 1971 rabon South Sydney da kofi. A shekarun 1990 ƙungiyar ta talauce, manyan 'yan wasanta suna tafiya inda ake biya, 'yan kallo sun ragu, iyalai da yawa kuma sun tashi daga tsohuwar unguwar zuwa bayan gari. Ga rikicin Super League da ya ɓarke a 1995, lokacin da kamfanin News Limited na Rupert Murdoch ya kafa tasa gasar don samun abin nunawa a talabijin na biya. Da aka yi sulhu aka haɗa gasa ɗaya a 1998, ƙungiyoyi 20 ne, mafi yawansu a cunkushe cikin Sidni, sai aka yanke a rage su zuwa 14 bisa ma'aunin kuɗin shiga, yawan 'yan kallo, masu ɗaukar nauyi da sakamakon wasa. Aka kuma ajiye kuɗi mai tsoka ga duk ƙungiyoyin da suka yarda su haɗe.

Wasu sun karɓa. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain ta haɗe da Western Suburbs, North Sydney kuma aka aurar da ita ga maƙwabciyarta kuma abokiyar gabarta, Manly. Shugaban South Sydney na lokacin, George Piggins, tsohon ɗan wasanta kuma tsohon kocinta, ya ce a'a, aka yi ta kiransa mai taurin kai. Amma a dubi inda auren North Sydney ya ƙare: bai wuce kaka uku ba ya mutu, Manly ta koma sunanta da rigarta, magoya bayan North Sydney suka wayi gari ba su da ƙungiya a babbar gasa har sama da shekara 20. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida cewa Piggins ya hango abin da masu lissafi ba su hango ba.

Ƙungiyar ta garzaya kotu, ta sha kaye a zaman farko a Nuwamban 2000. 'Yan kwanaki bayan hukuncin, mutanen da aka ƙiyasta sun kai 80,000 suka yi tattaki daga Redfern zuwa tsakiyar birnin Sidni, cikinsu har da masu sanye da rigunan wasu ƙungiyoyin, waɗanda suka fahimci cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Yulin 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ba South Sydney gaskiya, ta koma fili a 2002. Abin da aka cika mantawa shi ne a 2003 kotun ƙoli ta soke wannan hukunci, ta ce News Limited bai karya doka ba. Duk da haka babu wanda ya sake tayar da zancen korar ƙungiyar. Doka ta buɗe ƙofar korar, amma hukumar ta riga ta ga taron nan da idonta, ta kuma san cewa waɗannan su ne masu sayen tikiti da jarida da katin talabijin.

Inda na rabu da Piggins shi ne 2006. Dawowa ba ta kawo waraka ba, don a 2003 da 2004 ƙungiyar ce ta ƙarshe a tebur. Sai jarumin fina-finai Russell Crowe, wanda tun yana yaro yake goyon bayanta, da ɗan kasuwa Peter Holmes à Court suka nemi sayen kashi 75 cikin 100 a kan dalar Ostireliya miliyan 3. Piggins ya yaƙi cinikin iya ƙarfinsa, yana ganin ba a ƙwato ƙungiya daga hannun attajiri don a miƙa ta ga wasu attajiran ba. Na fahimci zafinsa, amma akwai bambanci tsakanin lamarin biyu. A 1999 daga sama aka yanke hukunci ba tare da an tambayi kowa ba. A Maris na 2006 mambobin ne da kansu suka kaɗa ƙuri'a, suka amince da rinjayen da ya ɗan haura kashi 75 da ake buƙata, suka kuma riƙe kasonsu tare da ikon hana a taɓa suna da launin riga da tambarin zomo. Kuɗin waje ya shigo ne bisa sharaɗin masu gida, kuma da Piggins bai tsaya kai da fata a baya ba, da babu abin da za a sa wa sharaɗin.

Sai da aka ƙara shekara takwas. A ranar 5 ga Oktoban 2014 South Sydney ta doke Canterbury da ci 30 da 6, ta ɗauki kofi na 21 bayan jiran shekara 43. A arangamar farko ta wasan, ɗan wasan South Sydney Sam Burgess, ɗan arewacin Ingila inda wasan ya samo asali, ya samu karaya a ƙashin kunci, ya buga har aka tashi, aka ba shi lambar gwarzon wasan mai ɗauke da sunan Clive Churchill. George Piggins, wanda ya ƙaurace wa wasannin ƙungiyar tun bayan cinikin 2006, yana cikin filin a wannan dare.