Battleship da maƙiyin da ba wanda zai yi masa kuka

Na sake zama na kalli Battleship, fim ɗin da Peter Berg ya ba da umarni a 2012 kan yaƙin sojojin ruwa da baƙin halittu daga sararin samaniya, kuma har yanzu wurin da tsofaffin sojojin ruwan nan suka fito suka tayar da jirgin yaƙi USS Missouri yana sa tsikar jikina tashi. Ba zan ɓoye ba ina son fim ɗin. Amma akwai abin da yake damuna da shi da ire-irensa.

Dubi inda aka kafa labarin. Hawaii ne, lokacin RIMPAC, atisayen haɗin gwiwa na sojojin ruwan ƙasashe daban-daban, kusa da Pearl Harbor da Japan ta kai wa hari ranar 7 ga Disamba 1941, shi kuma Missouri a kansa ne Japan ta sa hannu ta miƙa wuya ranar 2 ga Satumba 1945. Sai ga shi a fim ɗin kyaftin ɗan Japan ne ya karɓi ragamar jirgin Amurka lokacin da rada ta daina aiki, ya ce a bi na'urorin da ke kan ruwa masu gano igiyar tsunami, duk inda ruwa ya motsa to nan jirgin baƙin yake, a harba can. Wannan wurin ya yi kyau matuƙa, jikokin waɗanda suka kashe juna sun tsaya kafaɗa da kafaɗa.

To amma me ya haɗa kansu? Sai da aka kawo musu maƙiyi daga wata duniyar. Nan ne fa matsalar take, domin halittar da ta sauko daga sararin samaniya ba ta da uwa ba ta da ƙasa, ba jakadan da zai kai ƙorafi, kana iya narka mata wuta awa biyu ba wanda zai tambaye ka dalili. Alhali in ka lura da kyau a fim ɗin mutane ne suka fara aika saƙo sama suna kira, kuma baƙin nan sukan duba abu kafin su taɓa shi, har akwai inda injinsu mai ragargaza komai ya tsaya gaban wani yaro a filin wasa, ya dube shi ya wuce. Fim ɗin ya nuna mana haka da kansa sannan ya share maganar kamar ba a yi ba.

Ni a ganina ba mantuwa ba ce. Rundunar sojan ruwan Amurka ta ba da haɗin kai wajen ɗaukar fim ɗin, har sakatarenta na lokacin Ray Mabus ya fito a ciki, kuma wanda ya ara maka jirginsa ai ba zai so ka tsaya tambayar wa ya fara ba.

Ba laifi ba ne a nuna jarumta. Gregory Gadson da ya fito a matsayin sojan da ya rasa ƙafafu, da gaske ya rasa su a Iraƙi a 2007, kallonsa yana hawa dutse da ƙafafun ƙarfe ya fi min duk harbe-harben. Tun 1898 ma marubuci H.G. Wells ya rubuta a littafinsa na ƙagaggen labari yadda jirgin yaƙi Thunder Child ya tari injinan halittun Mars, ya hallaka domin jirgin da ke ɗauke da 'yan gudun hijira ya samu ya tsere. Irin fim ɗin da nake jira ke nan, wanda kyamara za ta juya ta nuna mana mutanen da ke cikin wancan jirgin na 'yan gudun hijira.