Sabuwar rauta a gidanmu na Katsina da darasin da ban koya a Ingila ba

Ranar da aka kunna sabuwar rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet ga wayoyin gida, a gidanmu da ke Ƙofar Ƙaura, ƙanwata ta kira ni ta bidiyo domin Hajiya ta gan ni da kyau, amma kafin mu gama gaisawa hoton ya daskare, murya ta riƙa yankewa, har muka haƙura muka koma kiran murya kamar yadda muka saba. Ni na aika kuɗin da aka sayo ta daga nan Leeds, inda nake zaune nake aiki, kuma na aika ne da cikakken yaƙinin cewa tsohuwar ƙaramar na'urar aljihu da suke amfani da ita ce ke ja musu jinkiri. Bayan kwana biyu ƙanwata ta ce mini, "Yaya, wallahi gara ma tsohuwar, ko dai a mayar wa mai shago kayansa?" Na roƙe ta ta dakata na mako guda, kuma abin da muka gano a makon nan ya sa nake ganin cewa mu da ke zaune a waje muna yawan ba 'yan'uwanmu na gida shawara da ma'aunin inda muke zaune, alhali ciwon da ke damun intanet a Katsina ba shi ne na Ingila ba.

A gidan da nake haya, intanet yana shigowa ta wayar faiba da aka jawo har cikin ɗaki, saboda haka saurin da ke isowa bakin ƙofa kusan tsayayye ne, safe da yamma. Idan mutum ya sauya rauta ya ga sauri ya ragu, to laifin yana tsakanin bango da wayar hannunsa, kuma a nan zai nema. Ni kaina hakan ta taɓa faruwa da ni: ina biyan kuɗin megabit 500 a daƙiƙa, amma awo ya ƙi wuce 94, sai daga baya na gane cewa tsohuwar igiyar da na haɗa sabuwar rautar da ita ba ta ɗaukar fiye da megabit 100. Na sauya igiya, magana ta ƙare. Da wannan tunanin na fara yi wa ƙanwata tambayoyi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta dace da halin da take ciki.

Rautar da yawancin gidajen Katsina ke amfani da ita mai layi ce, wato ana saka mata kati irin na wayar hannu, na MTN ko Airtel ko Glo, ta kamo sabis daga turken sadarwa da ke unguwa, sannan ta rarraba shi ga wayoyin gida. Tana da kunne da take sauraron turke da shi, tana kuma da baki da take magana da wayoyi da shi. Alamar wayifai da mutum ke gani a cike a saman wayarsa tana shaida ne kawai cewa bakin yana da ƙarfi, ba ta cewa komai game da abin da kunnen yake ji. Wannan ne ya rikita mutanen gidanmu, domin sun ga alama a cike a kowane ɗaki amma saƙon murya na WhatsApp yana ta juyawa bai tafi ba.

Abin da muka fara yi shi ne awo, kuma shi ne abin da nake ganin bai kamata a tsallake ba kafin a zargi na'ura ko mai shago. Na sa ƙanwata ta tsaya kusa da rautar ta buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet, ta rubuta sakamakon a takarda sau uku a rana: bayan sallar asuba, bayan azahar, da bayan isha'i. Sannan ta cire layin ta saka a wayarta ta sake aunawa, a falo da kuma a tsakar gida. Takardar ta nuna abu biyu. Na farko, a tsakar gida wayar hannu ta ninka rautar sauri da layi ɗaya, wanda ke nufin wurin da aka ajiye rautar ne bai dace ba. Na biyu, ko a ina aka auna, saurin da ake samu da asuba yana zubewa ƙasa warwas bayan isha'i.

An ajiye rautar ne a cikin kabad ɗin talabijin, a ƙasa, domin kada yara su taɓa ta kuma kada ƙura ta hau ta. Niyyar mai kyau ce, amma tsakaninta da turke akwai katako, da bangon bulo har biyu, da rufin kwano a sama. A nan Ingila bangayen da ke raba ɗakuna sau da yawa allo ne marar kauri da sigina ke ratsawa cikin sauƙi, amma gidan Katsina bulo ne da siminti, wani sashen ma tsohon ginin ƙasa ne mai kauri, kuma ɗakunan a jere suke kewaye da tsakar gida. Muka shiga shafin saitin rautar ta lambar da aka rubuta a bayanta, muka nemo ma'aunin da ake kira RSRP, wanda ke nuna ƙarfin siginar turke. Idan ya kusanci -80 abu ya yi kyau, idan ya gangara ƙasa da -110 kuwa rautar da ƙyar take ji. Ƙanwata ta riƙa ɗaukar ta daga taga zuwa taga tana karanta mini lamba, har muka dace da wata taga ta ɗakin Hajiya da ke fuskantar titi, muka sa aka kafa mata ɗan katako a sama.

Sai kuma batun suna biyu da rautar ke nunawa, ɗaya da "5G" a ƙarshensa. Kowa a gidan ya koma kan wannan, bisa zaton cewa shi ne sabon sabis ɗin nan da MTN ya fara a Najeriya a 2022. Ba shi ba ne. Wannan zangon wayifai ne na gigahaz 5, mai sauri idan kana kusa amma marar juriya ga bango, shi kuwa ɗayan, na gigahaz 2.4, bai kai shi sauri ba amma yana isa zaure da ɗakunan baya. Wanda ke nesa da rauta ya fi samun alheri a kan na biyun. Haka nan lissafin megabit da megabayit yana sa mutane fushi ba gaira ba dalili, domin megabit 8 ne ke yin megabayit 1, don haka wanda awo ya nuna masa 16 zai ga fayil yana saukowa da kimanin 2 a daƙiƙa, kuma babu wanda ya cuce shi.

Wuta ma tana da nata rabon, abin da ban taɓa tunaninsa a nan ba. Idan an ɗauke, ana haɗa rautar da batirin cajin waya ta wata 'yar igiya da ke ɗaga ƙarfin wuta zuwa bolt 12, kuma idan igiyar ba ta ba da isasshen ƙarfi ba, fitilun rautar za su kama amma ta riƙa mutuwa tana tashi. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wanda na'urar da aka rufe a kabad ba za ta ji daɗinsa ba.

Wurin da na fi jin nauyin magana shi ne yawan masu amfani. Da muka duba jerin wayoyin da ke kan rautar, mun ƙirga fiye da adadin mutanen gidan nesa ba kusa ba. A Leeds maƙwabcina ba zai taɓa tambaya ta kalmar sirri ba, amma a unguwarmu yaron maƙwabta ɗan gida ne, kuma Hajiya ba za ta iya buɗe baki ta hana shi ba, ni ma ba zan so ta hana ba. Sai dai wayoyin zamani suna ba mutum damar miƙa wa abokinsa kalmar ta hanyar ɗaukar hoton wata alama da wayar ke nunawa (QR), shi ma ya miƙa wa wani, har ta kai ga waɗanda ba a sani ba. Data tana ƙarewa da wuri, kuma tsarin da ake tallatawa da sunan marar iyaka galibi yana da wani adadi da idan an kai shi kamfani ke rage sauri har sai an sabunta. Abin da muka yi shi ne sauya kalmar sirri ta gida, muka buɗe sashen baƙi daban domin maƙwabta na kusa, yadda zumunci bai taɓu ba kuma karatun ƙanwata bai tsaya ba.

Jinkirin bayan isha'i kuwa ba a cikin gidanmu yake ba. A lokacin ne kowa a unguwa ya dawo ya ɗauki wayarsa, kuma turke ɗaya ne ake rabawa, saboda haka ko rautar miliyan ka saya ba za ta ƙara wa turken faɗi ba. Abin da ke hannun mutum shi ne ya tambayi maƙwabta wane layi ne ya fi kamawa a unguwarsu da daddare, ya gwada shi, shi ya sa nake ganin rautar da ke karɓar kowane layi ta fi wadda aka ƙulle a kan kamfani ɗaya amfani. Idan korafi ya ƙi samun amsa, Hukumar Sadarwa ta Najeriya tana da lambar 622 da ake kira kyauta. Wasu abokaina a nan suna cewa a sayi Starlink kawai, intanet ɗin tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata da tsayayyar wutar da yake buƙata sun fi ƙarfin gida irin namu.

Ba a mayar wa mai shago rautar ba. Tana nan a saman tagar ɗakin Hajiya, ƙanwata tana sauke darussanta na jami'a bayan sallar asuba, ni kuma na mayar da kiran bidiyo zuwa hantsin Asabar da Lahadi, lokacin da nake ganin fuskar Hajiya sarai har mu yi sallama.