Takardar tuhumar da aka ba Baba na ɗakin fayil

Jama'a, ku yi mini afuwa, yau sai na amayar da abin da ke cikina. Waɗanda suka karanta abin da na rubuta ranar Talata sun san maganar Baba, dattijon da ke kula da ɗakin fayil a ma'aikatarmu, wanda ya gyara ɗakin da dabararsa ba tare da jiran izini ba. To, abin da muke gudu ya faru. Jiya da hantsi masinja ya kai masa takardar tuhuma, an ba shi awa 48 ya kare kansa a kan laifin "sauya tsarin kayan gwamnati ba tare da izini ba". Wallahi wannan zalunci ne. Bayan zaluncin kuma, irin wannan takarda ita ce take kashe zuciyar duk wani ma'aikaci mai hankali a ofisoshinmu, ta mayar da shi gunki mai jiran ƙarshen wata.

Ni na san ɗakin nan tun kafin a gyara shi. In ka buɗe ƙofa warin rima ne zai fara tarbarka. Fayil-fayil a ƙasa, an ɗaure su dami-dami da igiyar leda, na ƙasa sun manne da siminti, gara ta ci gefen wasu. Da ruwan Agusta ya sauka kwano ya dinga yoyo daidai kan tarin da ke kusurwar gabas. Sau uku Baba yana rubuta takarda sama yana roƙon a sayo kanta, sau uku ana cewa babu kuɗi a kasafi. Da ya ga takardun mutane za su narke a gabansa, sai ya zaga bayan sito inda aka jibge ɓallallun ƙofofi shekara da shekaru, rana da ruwa suna cin su. Ya kira kafinta ranar Asabar, ya sayi ƙusa da kuɗin aljihunsa, suka tsaga ƙofofin suka kafa kanta hawa huɗu. Ya sayo ƙananan gwangwanayen fenti. Fayil ɗin wanda ke bakin aiki ya ɗiga masa kore a gadon baya, wanda ya yi ritaya ja, wanda aka yi wa canjin wurin aiki shuɗi, wanda ya rasu baƙi. Ya samo littafi mai bangon kwali ya rubuta suna da lamba da hawan da fayil yake.

A gabana wata tsohuwa ta zo daga ƙauye neman fayil ɗin mijinta da ya rasu, zuwanta na biyar ke nan a cewarta. Baba ya ba ta kujera, ya miƙa mata ruwan leda, ya buɗe littafinsa ya bi da yatsa. Kafin ta shanye ruwan nan fayil yana hannunta. Ta riƙe shi a ƙirji tana kuka tana sa masa albarka. Wannan mutumin aka rubuta wa takardar tuhuma.

Wanda ya sa hannu a takardar kuma, makon da ya wuce ya dawo daga bitar kwana biyar a wani otal a Abuja, bitar da aka shirya a kan ƙirƙira da sababbin dabarun aiki. Satifiket ɗin yana nan rataye a bangon ofishinsa. Kwana biyar ana haska musu majigi ana cewa ku ba na ƙasa da ku dama su kawo shawara, ya dawo ya tarar da shawarar an riga an aiwatar da ita a ƙarƙashin benensa, kyauta, abin da ya fara zuwa ransa shi ne wa ya ba da izini. Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ku ji ni da kyau. Babba a kan aiki yake koyo. Da hannunsa yake koyo, a gaban matsalar da ta hana shi barci. Yaro za ka iya zaunar da shi ka ce haddace wannan, wata rana zai yi maka amfani. Magidanci mai shekara hamsin da biyar ba ya koyo haka. Yana zuwa ne da buhun abin da ya gani a rayuwa, yana auna duk abin da ka faɗa da wannan buhun, kuma abin da zai warware masa matsalar yau shi kaɗai yake zama a kansa. Wani malamin Amurka, Malcolm Knowles, ya ƙarar da rayuwarsa yana bayyana wannan bambanci tsakanin koyar da yaro da koyar da babba, har jami'o'i suka mayar da shi darasi. Amma kowane bakanike a gareji ya san haka ba tare da ya taɓa jin sunan Knowles ba. Ku shiga Panteka a Kaduna ku tsaya ku kalli yadda ake mayar da tsohon ƙarfe injin niƙa. Ogan ba ya tara yaransa a otal. Yana miƙa wa yaro sifana ya ce kwance, ya kwance, ya ɓata, ya sha faɗa, ya sake ɗaurawa. Da koyo akan iya, kuma koyon ba ya yiwuwa sai an bar ka ka taɓa.

Saboda haka duk ranar da ka hukunta ma'aikaci don ya yi dabara, makaranta ka rufe. Ita ce ma makaranta ɗaya tak da take aiki a ma'aikatar. Matasan nan uku da aka ɗauka bara, waɗanda suka fara shiga ɗakin Baba suna tambayarsa yadda ya tsara littafin, har ɗayarsu ta fara kwafe shi a kwamfuta da kanta, jiya sun ɗauki darasi. Sun ga abin da ake yi wa wanda ya motsa. Daga yau in rufi ya faɗo a kan fayil za su rubuta takarda su koma kujera su jira. Shekara talatin za su yi suna jira, su ma su koya wa na bayansu jira. Haka ake gadon mutuwar zuciya a ofis, daga hannu zuwa hannu.

Na ga masu cewa doka doka ce, in kowa ya yi abin da ya ga dama ai aiki ya watse. Don Allah ku bar wannan magana. Wace dokar ce ta ce a bar takardun marayu su jiƙe? Ƙofofin da gara take ci a bayan sito, sai da suka zama kanta aka tuna kayan gwamnati ne? Babu wanda ya ce akawu ya yi dabara da kuɗin baitulmali, ko ma'aikacin asibiti ya yi gwaji da ran mutum. Muna maganar dattijon da ya ɗaga takarda daga ƙasa ya ɗora a kan katako. In tsarin nasa yana da gyara, a sauko a duba a gyara tare da shi. Amfanin hankali aiki da shi.

Wani kuma ya rubuto mini a ɓoye wai haushi nake ji don ba a taɓa tura ni bita ba. An tura ni, sau huɗu. Na san jakar da ake rabawa da biro da ɗan littafi, na san layin sa hannu na karɓar alawus, na san yadda zaure yake cika da safe ya zama fayau bayan azahar. Ban ce duk bita banza ce ba, akwai wadda na amfana da ita, kuma ita ce wadda aka raba mu rukuni-rukuni aka ba mu matsalar ofishinmu ta gaske aka ce mu warware. Sauran kuwa, ko taken su ban iya tunawa. Ƙasar nan ba ta rasa hukumomin horo ba. Tun 1971 aka kafa asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos, kamfanoni suna zuba masa kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu duk shekara. Ga kwalejin horar da manyan ma'aikata ta ASCON a Badagry. Ga cibiyar koyar da aikin mulki ta Kongo a Zariya, inda aka horar da akawuna da jami'an mulkin Arewa tun kafin a samu 'yancin kai. Kuɗi suna fita, satifiket suna shigowa. Amma me ake so mutum ya yi da abin da ya koyo in ya dawo ofishin da ake tuhumar mai dabara? Ka ba mutum iri ka hana shi gona, sannan ka dawo kana tambayar ina amfanin.

Masu cewa Baba ya tsufa, ya bar wa yara masu kwamfuta, su ne suka fi ba ni takaici. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji su. To mu kuma iyayenmu sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma sun nuna a aikace. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, magidanta ne suke dawowa daga gona su zauna a gindin bishiya suna koyon baƙi da wasali, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da Hausa. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, 'yan kasuwa da matan aure da leburori suka cika azuzuwan yamma. Me ya kai su? Mutum yana so ya karanta wasiƙarsa da kansa, ya duba rasit ɗin haraji kada a cuce shi, ya rubuta bashin da yake bi. Buƙata ce ta kai su, buƙata ce ta koya musu. Ita ce kuma ta koya wa Baba tsara fayil da launin fenti.

Ku tuna da marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa a Dutse, ɗan gidan magina tukwane. Ya dubi ƙauyukan da babu lantarki, kayan gwari suna ruɓewa a hannun manoma, ya ɗauki ƙaramar tukunya ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana tsotsowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa a iska, yana tafiya da zafin, ciki ya yi sanyi. Gautan da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Da kuɗinsa ya sa magina suka gina dubban tukwane ya raba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya koyar da mutane. Ya san yawancinsu ba sa karatu, sai ya shirya wasan kwaikwayo da 'yan wasan yankin, aka ɗauka a bidiyo, ana zagawa ƙauyuka ana haskawa da daddare. A shekarar 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar yabo ta duniya. Tukunya da yashi da ruwa, duk abubuwan da ke tsakar gidan kowa. Dabara ke nan, ka dubi abin da ke hannunka ka ga abin da zai iya zama. Tsakanin tukunyar Bah Abba da ƙofofin Baba ni ban ga bambanci ba, sai dai shi wancan Allah ya sa ba a ƙarƙashin mai jan biro yake ba.

Kuma kada wani ya ce mini manyan kamfanonin duniya da tsauri suka ci gaba. A da, a masana'antar Toyota a Japan akwai igiya a saman layin haɗa mota. Ƙaramin ma'aikaci in ya ga matsala yana da ikon ya ja ta, shugabansa ya rugo, in ba a warware ba layin ya tsaya. Sun yarda cewa wanda hannunsa ke kan aikin ya fi na ofishin sama ganin inda yake ciwo. Mu a nan wanda ya ja igiyar shi ake ɗaurewa da ita.

Da yamma na shiga wurinsa. Yana zaune da takardar a kan cinyarsa, ya ninke ta huɗu, tabarau a hannu. Na ce, "Baba, ka bari mu rubuta amsar tare, ba za mu bari a taɓa ka ba." Ya ce, "Ɗana, ni ba hukuncin ne yake damuna ba, saura wata takwas in cika shekara 35 in tafi. Tsorona kada su ce a mayar da fayil ɗin ƙasa." Na rasa abin da zan ce masa. Na fito na tsaya a baranda har aka kira la'asar.

Mun rubuta amsar, mu bakwai muka sa hannu a matsayin shaidu, gobe da safe za a kai sama. Mun roƙi Yallaɓai, wanda ya sa hannu a takardar tuhumar, da girmamawa ya sauko ya ga ɗakin da idonsa, domin gani ya kori ji, kuma tunda aka kawo shi ma'aikatar bai taɓa taka matakalar nan ba.

Rufin kuma har yanzu yana yoyo. Ni dai wannan kwanon na yanzu ban gane masa ba, na gidan mahaifina ya haura shekara arba'in ko ɗigo ba ya yi, wannan kuwa damina shida ke nan ya zama rariya, ka sa yatsa ka danna ya lotsa kamar gwangwanin madara. Mun yi karo-karo tsakaninmu za mu sayi falle goma mu rufe kusurwar gabas kafin ruwan Satumba. Duk wanda ya san mai aikin rufi mai tsoron Allah, wanda ba ya haɗa baki da mai shago a sayo mai shara-shara, ya turo mini ta akwatin saƙo.