Dirje kakaki da toka ɓarna ce

A Damagaram mutane da yawa sun ɗauka idan kakaki ko bigilar tagulla ta dushe, sai a dirje ta da toka ko rairayi kamar tukunya. Za ta yi ƙyalli, amma ƙarfen ake kankarewa. Bigilar zamani ma tana da siririn fenti mai hana ta dushewa, kuma toka ko tafasasshen ruwa kan ɓare shi.

Dauɗar da ke shaƙe murya a ciki take: tururin numfashi yakan zama ruwa, ƙurar hunturu ta manne masa. A kwance gaɓoɓin, a wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulu, a zura tsumma mai laushi. Shanya kuwa a inuwa, don ranar Zinder sai ta sa ƙarfen ya gagari hannu.