Lambar P74.421 da jariran da ba a ƙirga ba

Aikina a nan Amurka shi ne sanya wa cututtuka lamba a fayil ɗin marasa lafiya, kuma yawanci fayilolin ɗakin jarirai ne ke zuwa teburina. Kafin na zo, na yi shekaru a ɗakin ajiye kati na wani asibiti a Najeriya, shi ya sa duk lokacin da na buga P74.421 sai zuciyata ta koma can.

Wannan lamba ita ce ta yawan sinadarin kulorayid a jinin jariri sabon haihuwa. Ba ta daɗe ba. Amurka ta koma tsarin lambobin cututtuka na ICD-10-CM a ranar 1 ga Oktoba 2015, amma sai a Oktoban 2018 aka tsaga tsohuwar P74.4, aka ba yawan kulorayid lambarsa, ƙarancinsa kuma ya samu P74.422. A littafin ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda da shi na koyi aiki, duk suna dunƙule a ƙarƙashin P74.4.

Abokan aikina na gida sukan ce duk wannan tsage-tsage don kuɗin inshora ne. Akwai ƙamshin gaskiya, ba na musu. Amma a duba daga ina matsalar kan taso. Ruwan gishirin da ake ɗaura wa jariri yana ɗauke da kulorayid milimol 154 a kowace lita, alhali na jini bai cika wuce 110 ba. Ƙodar bakwaini ba ta gama ƙwari ba, ba ta iya fitar da rarar da sauri, sai jinin ya karkata wajen tsami. Gudawa da ƙarancin ruwa a jiki ma suna jawo shi, haka wasu cututtukan ƙoda. To abin da wani lokaci hannun mai magani ne ke kawo shi, ai ya cancanci a san sau nawa yake faruwa.

A nan, ko na ga sakamakon gwaji ya hau, ba ni da ikon sanya lambar. Dole likita ya rubuta cutar da kansa, in bai rubuta ba in aika masa tambaya in jira amsa. Da farko abin ya riƙa gundura ta. Yanzu na gane amfaninsa, domin tambayar kan sa a sake duba ruwan da aka ɗaura.

A can kuwa, na sha buɗe katin jaririn da ya yi mako biyu a kwalba, in tarar da layi ɗaya: bakwaini, ciwon jini. Takardar gwajin tana manne a baya, ta naɗe, babu wanda ya ɗauke ta zuwa rajista. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu, na shaida. Burina dai ɗaliban da ke koyon aikin kati a gida su saba juya wannan takarda, su tunkari likita su ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa, a rubuta shi?"